Dakarun Gari a Zanen Mutanen Holan: Tarihin “Sintirin Dare” da ’Yan’uwansa

A cikin dukan kayan tarihin da ƙasar Holan take alfahari da su, babu wanda ya kai wani katafaren zane da ke rataye a babban gidan tarihi na Rijksmuseum da ke birnin Amstadam suna da ɗaukaka. Sunan da duniya ta san shi da shi, idan aka mayar da shi Hausa, shi ne “Sintirin Dare”, kuma wanda ya zana shi shi ne Rembrandt, wanda ya kammala aikin a shekarar 1642. Tsayinsa ya haura mita 3 da rabi, faɗinsa kuma ya haura mita 4. Abin da ya kamata mai karatu ya fara lura da shi shi ne, babu sarki a cikin wannan zane, babu ɗan sarki, babu kuma wani jarumin da ya ci wani yaƙi. Mutanen da ke ciki ’yan kasuwa ne na wata unguwa, da yawansu masu sayar da yadi, waɗanda suka ɗauki makamai don gadin garinsu, suka kuma yi karo-karo suka biya aka zana su. Yadda aka yi hoton ’yan gadin unguwa ya zama tambarin ƙasa guda, shi ne abin da nake son mu bi diddiginsa a wannan maƙala.

Asalin al’amarin ya girmi Rembrandt da ƙarnuka. Biranen yankin da ake kira Holan da Beljiyam a yau birane ne masu ganuwa da ƙofofi, ana rufe su da dare a buɗe da safe, kamar yadda aka san biranenmu na da. Mafi yawansu ba su da sojoji na dindindin, saboda haka tsaron gari yana wuyan mutanen gari. Sai suka kafa ƙungiyoyin maharba, waɗanda suke kira schutterij da harshensu. Akwai ƙungiyar masu baka da kibiya irin wanda muka sani, akwai ta masu baka mai kunama wanda ake ɗanawa kamar bindiga, daga baya kuma da bindiga ta yaɗu aka kafa ta ’yan bindiga. A Amstadam an kafa wannan ta uku a shekarar 1522, ana kiran ’ya’yanta Kloveniers, daga sunan irin bindigar da suke riƙewa, wadda ta yi kama da bindigar toka ta maharbanmu. Kowace ƙungiya tana da filin koyon harbi da babban zaure na taro, wanda suke kira doelen.

Aikinsu a fayyace yake: gadin ƙofofi da ganuwa da dare bi da bi, kwantar da tarzoma, kai ɗauki idan gobara ta tashi, da yin jerin gwano idan babban baƙo ya zo gari. Kowane mutum shi zai sayi makaminsa da kayan sawarsa, kuma wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya tace talaka ya bar shi a waje. Manyan muƙamai kuwa, wato kanar da kyaftin da laftana, na gidajen masu mulkin gari ne da manyan attajirai. Akwai wani muƙami guda mai ban sha’awa, na mai riƙe da tuta. A ƙa’ida ba a ba magidanci shi, sai saurayi marar aure, domin an ɗauka cewa mai tuta ba ya gudu ya bar ta ko da zai rasa ransa, kuma ba a son a bar marayu. Shi ya sa a kusan kowane zane za ka tarar mai tuta shi ne ya fi kowa ado.

Zane mafi tsufa na irin wannan da ya rage a Amstadam na wani mai suna Dirck Jacobsz ne, na shekarar 1529. Mutum 17 ne a jere sahu biyu, fuska kusa da fuska, kowa da irin tufafin ɗan’uwansa, babu motsi, babu labari. Duk wanda ya taɓa tsayawa hoton ƙarshen shekara a makarantar firamare, ko hoton taron shekara na ƙungiya irin tamu, ya san wannan tsari, ya kuma san dalilinsa: kowa ya biya, saboda haka dole a ga fuskar kowa. A shekarar 1533 Cornelis Anthonisz ya ɗan sassauta, ya zaunar da mutanensa kewaye da teburin abinci. Daga nan zanen liyafa ya zama wani reshe mai zaman kansa.

Abin da ya ba waɗannan zane-zane nauyin da suka samu shi ne yaƙi. A ƙarni na 16 yankin yana ƙarƙashin Sarkin Sifen, Filibus na Biyu, kuma saboda rikicin addini tsakanin Katolika da Furotesta, ga nauyin haraji, ga kuma take haƙƙoƙin birane, sai tawaye ya ɓarke a shekarar 1568. Ba a kammala sulhu ba sai a 1648, shi ya sa ake kiransa Yaƙin Shekara 80. A farkon wannan yaƙi birni da birni aka riƙa bi ana yi wa ƙawanya. Sojojin Sifen sun kewaye Haarlem daga watan Disamba na 1572 har zuwa Yuli na 1573, mutanen gari suka tsaya kan ganuwa tare da sojojin haya har yunwa ta tilasta musu miƙa wuya, aka kuma karkashe kimanin mutum 2,000 daga cikin masu tsaron garin. Alkmaar ta tsira a 1573. Leiden, garin da aka haifi Rembrandt a 1606, ta sha yunwa da annoba har ranar 3 ga Oktoba 1574, lokacin da aka fasa madatsun ruwa, ruwa ya malale filayen da ke kewaye da garin, jiragen ’yan tawaye suka iso da abinci. Har yau ana bikin wannan rana a Leiden. To, yaron da ya tashi a Haarlem ko Leiden bayan wannan, idan ya ga mahaifinsa ya saɓa bindiga zai tafi gadin ƙofa, ba sai an yi masa bayanin amfanin abin ba.

A Amstadam kuwa dakarun gari har juyin mulki sun sa hannu a ciki. A watan Mayu na 1578 aka tuɓe majalisar gari mai biyayya ga Sifen, aka zuba manyanta a kwale-kwale aka fitar da su daga gari, kuma wakilan ƙungiyoyin maharban nan uku ne suka zaɓi sabuwar majalisa. Bayan shekara biyu, a 1580, aka sake fasalin tsaron garin, aka raba shi unguwa-unguwa, kowace unguwa da rundunarta da kyaftin ɗinta.

Gwanin zanen liyafa shi ne Frans Hals na Haarlem, wanda shi kansa ɗan rundunar Waliyyi Jorji ne daga 1612 zuwa 1624, saboda haka ba baƙi yake zanawa ba. A Haarlem hafsoshi sukan yi shekara 3 a kan muƙami, idan wa’adinsu ya cika sai a yi musu liyafar sallama, a kuma zana su a rataye a zaure. Zanensa na 1616 yana da mutum 12: ga mai yanka nama, ga mai magana da na kusa da shi, ga wanda ya juyo yana duban mai kallo kamar an kira sunansa, ga tuta ta ratsa tsakiyar hoton a karkace ta ɗaure shi wuri guda. Hals ya warware matsalar da ta gagari na gabansa, wato a ga fuskar kowa ba tare da an jera mutane kamar buhunan hatsi ba. Ya sake yin irinsa guda biyu a 1627, da wani a 1633, da na ƙarshe a 1639. Sai dai gaskiya ɗaya ce, fuskokin da yawa sun yi jajawur, kuma ba zafin rana ne ya jawo ba. Liyafar nan ta ci da shan barasa ce da takan ɗauki kwanaki, har ta kai hukumar gari ta kafa dokar taƙaita ta zuwa kwana uku ko huɗu. Mai karatu zai iya auna yadda take kafin dokar.

Akwai wani labari na Hals da ke nuna cewa waɗannan mutane ’yan kasuwa ne kafin komai. A 1633 wata runduna ta Amstadam ta ba shi kwangilar zane. Ya fara, sai ya gaji da zirga-zirga, ya ce su riƙa zuwa Haarlem yana zana su. Suka ƙi, aka yi ta aike da gargaɗi ta hannun masu rubuta shaida, har dai aka karɓe aikin aka ba Pieter Codde ya ƙarasa a 1637. Zanen yana nan a yau, ɓangaren hagu hannun Hals, mafi yawan na dama hannun Codde.

Yanzu sai mu zo ga Rembrandt. An gina wa ’yan Kloveniers sabon babban zaure a Amstadam, aka kuma shirya ƙawata bangonsa da manyan zane-zane na rundunoni 6, kowanne aka ba wani gwani. Rembrandt ya samu rundunar Unguwa ta Biyu, ƙarƙashin Kyaftin Frans Banninck Cocq da Laftana Willem van Ruytenburch. Shi Banninck Cocq ɗan mai sayar da magani ne, ya karanta shari’a a Faransa, ya auri ’yar babban gida, ya zama mai sarautar wasu ƙauyuka ta hanyar wannan aure. Shaidar da wasu ’yan rundunar biyu suka bayar a 1659 ta nuna cewa mutum 16 sun biya kimanin gilda 100 kowannensu, wani ya ɗan fi, wani ya ɗan gaza, gwargwadon wurin da aka ajiye shi a hoton, jimla gilda 1,600. Kuɗi ne masu yawa a zamanin da ƙwararren ma’aikaci yake samun ’yan ɗaruruwan gilda a shekara.

Rembrandt bai jera su ba, bai kuma zaunar da su a tebur ba. Ya zaɓi daƙiƙar da kyaftin ya buɗe baki yana ba laftana umarnin a tashi. Kyaftin sanye da baƙaƙen kaya da jan ɗamara a kafaɗa, ya miƙo hannun hagu kamar zai fito daga cikin hoton, inuwar hannun ta faɗa kan rigar laftana mai ruwan zinariya. Bayansu kuwa ba a riga an shiga sahu ba. Mai tuta yana ɗaga tuta, mai ganga ya fara kaɗawa, kare yana haushi, wani yaro yana gudu da ƙahon albarushi, masu dogayen masu suna gyara riƙo. Mutum uku suna nuna matakan sarrafa bindiga: ɗaya yana ɗura albarushi, ɗaya ya harba, ɗaya yana hure ragowar toka, kamar yadda aka zana su a littafin koyar da makamai na Jacob de Gheyn na 1607. Sannan ga wata ƙaramar yarinya cikin haske, da matacciyar kaza rataye a ɗamararta, ƙafafun kazar a sama. Ba ’yar kowa ba ce a cikinsu. Faratan tsuntsu su ne tambarin Kloveniers, ita kuma yarinyar tamkar alamar ƙungiyar ce aka ba ta jiki. Idan aka ƙirga, mutanen cikin zanen sun haura 30, alhali sunaye 18 kawai ke rubuce a garkuwar da aka ƙara a jikin ƙofar da ke bayansu. Sauran Rembrandt ne ya ƙara su don hoton ya cika da rai.

A ganina nan ne hikimar take. Sauran masu zane sun nuna oda a matsayin abin da aka riga aka samu, kowa a mazauninsa. Rembrandt ya nuna ta tana kan haihuwa, taron mutane daban-daban, kowa da abin da ya sa gaba, ana shirin mayar da su runduna da kalma guda daga bakin mutum guda. Duk wanda ya taɓa tara yara ɗari biyar a filin makaranta da safe ya san wannan daƙiƙar da ke tsakanin bugun ƙararrawa da daidaituwar layi.

An daɗe ana yaɗa cewa waɗanda suka biya sun fusata don an ɓoye fuskokin wasu a duhu, wai kuma wannan ne ya karya Rembrandt. Masana sun bincika ba su sami hujjar haka ba. Banninck Cocq da kansa ya sa an yi masa ƙaramin kwafi a kundin gidansa, kuma mutum ba ya adana abin da ya ƙi. Karyewar arzikin Rembrandt ta zo ne a 1656, shekara 14 bayan haka, saboda bashin gida da sayen kayan tarihi ba lissafi. Abin da ya same shi a 1642 na baƙin ciki shi ne rasuwar matarsa Saskia. Hatta sunan zanen kuskure ne. Ba dare Rembrandt ya zana ba. Man da ake shafa wa zane don ya yi sheƙi ne ya dafe da datti tsawon shekaru, har mutanen ƙarshen ƙarni na 18 suka zaci dare ne, sunan kuma ya bi shi.

To, amma shin waɗannan dakaru sun kai yadda aka zana su? A 1642 fagen yaƙi ya yi nisa da Amstadam, yana can kan iyakar kudu, kuma sojojin haya ne ke yin sa. Rundunar Banninck Cocq ta fi sanin fareti da tarbar baƙi, irin tarbar da aka yi wa Mariya de Medici, uwar Sarkin Faransa, a 1638. Wasu kwalkwalin da ke kawunansu a zanen ma tsofaffin yayi ne tun a lokacin, an sa su ne don tuna zamanin kakanni. Ke nan tun ranar da aka rataye shi, zanen yana magana ne a kan abin da mutanen suke son a tuna su da shi. Duk da haka ba za a ce ado ne zalla ba, domin a watan Yuli na 1650, da Yarima Willem na Biyu ya aiko da sojoji su mamaye Amstadam ba zato, labari ya riga su isowa, aka rufe ƙofofi, aka ɗage gadoji, aka tara dakarun gari, mamayar kuma ta ci tura. A wannan shekarar ce Banninck Cocq ya fara zama ɗaya daga cikin magadan garin.

Akwai kuma shafin da babu rundunar da ta biya aka zana mata. A 1566, lokacin da masu tarzoma suka riƙa farfasa gumaka a majami’un Katolika, dakarun garuruwa da yawa sun ƙi ɗaga makami a kan maƙwabtansu, ko da hukuma ta umarce su. Wani zai kira wannan tausayi, wani zai kira shi ƙin aiki. Wanda babu gardama a kansa shi ne na ranar 20 ga Agusta 1672 a birnin Hague. A shekarar Faransa da Ingila da wasu sarakunan Jamus suka taru a kan Holan, jama’a suka ɗora laifin a kan Johan de Witt, wanda ya shafe kusan shekara 20 yana jan ragamar ƙasar, da ɗan’uwansa Cornelis. Aka janye sojojin doki da ke gadin gidan yarin da suke ciki, aka bar su a hannun dakarun gari, kuma da hannun ’yan wannan runduna aka fito da su aka kashe, taron jama’a ya yi wa gawarwakinsu wulaƙancin da alƙalami ba zai so ya rubuta ba. Ba a hukunta kowa ba. Mu da muka ga yadda ’yan banga suke zama garkuwar ƙauye a wani wuri, a wani wurin kuma su zama abin da ake gudu, ba za mu yi mamakin wannan ba. Makami a hannun ɗan gari yana da amfani ne muddin akwai wanda zai ce masa tsaya ya tsaya, kuma a Hague ran nan waɗanda ya kamata su faɗa sun kau da kai.

Zanen da ya rufe wannan babi shi ne na Bartholomeus van der Helst, na liyafar da rundunar masu baka mai kunama ta yi a ranar 18 ga Yuni 1648 don murnar sulhun Münster. Kyaftin Cornelis Witsen yana riƙe da ƙahon sha na azurfa na ƙungiyar, yana musafaha da laftanansa, ganga tana ajiye a ƙasa ba mai kaɗa ta. Bayan ’yan shekaru kaɗan aka daina ba da kwangilar irin waɗannan manyan zane-zane a Amstadam. Bangon zaurukan ya cika, yaƙin kuma ya ƙare, manyan gari suka koma son a zana su a matsayin shugabannin gidajen marayu da asibitoci da ƙungiyoyin sana’a. Sama da 100 daga cikin zane-zanen dakarun sun rage har yau, mafi yawansu a Amstadam da Haarlem. Su kansu rundunonin sun ci gaba da wanzuwa cikin sauye-sauye har dokar 1901 ta yanke musu wa’adi, aka rushe su a 1907. A kudancin ƙasar, musamman lardin Limburg, akwai ƙungiyoyin da suka riƙe sunan don al’ada, suna fita da tuta da ganga, suna gasar harbo tsuntsun katako daga kan dogon sanda, wanda ya harbo shi ya zama sarkin maharba na shekara.

Shi kuwa “Sintirin Dare” ya sha wuya kafin ya kai inda yake. A 1715 aka ɗauke shi daga zauren Kloveniers zuwa babban ofishin hukumar gari, da aka ga bai shiga tsakanin ƙofofi biyu ba sai aka sa wuƙa aka rage shi ta kowane gefe, mafi yawa ta hagu, inda wasu mutane suka tafi tare da yankin da aka yanke. Ba a sake ganin guntayen ba. Da ba don wani ƙaramin kwafi da Gerrit Lundens ya yi tun ƙarni na 17 ba, da ba a san yadda cikakkensa yake ba. A ƙarni na 19, bayan mulkin Faransa da ɓallewar Beljiyam a 1830, mutanen Holan suna neman abin da zai tuna musu da zamanin ƙarfinsu, sai suka same shi a wannan zane na ’yan gari masu tsaron kansu ba tare da jiran sarki ba. Da aka buɗe ginin Rijksmuseum a 1885, an tsara shi ne yadda doguwar farfajiyar tsakiya za ta kai mai ziyara kai tsaye gabansa, ko da yake har yau mallakar birnin Amstadam ne, aro aka ba gidan tarihin.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato a 1939 aka fitar da shi aka ɓoye, daga baya aka naɗe shi kamar tabarma aka ajiye a wani ɗaki da aka haƙa cikin kogon dutse kusa da Maastricht, bai dawo ba sai 1945. Sau uku ana kai masa hari a gidan tarihin: da wuƙa a 1911, da wuƙar yanka burodi a 1975, inda aka yi masa tsaga fiye da goma, sai kuma da ruwan asid a 1990, wanda masu gadi suka yi maza suka wanke kafin ya ci fenti. A 2019 aka fara wani babban aikin bincike da gyara a kansa a cikin ɗakin gilashi, jama’a na kallo, kuma a 2021 aka yi amfani da kwamfuta da kwafin Lundens aka sake buga gefunan da aka yanke, aka jingina su na ɗan lokaci don a ga yadda Rembrandt ya bar shi. A nan ne mutane suka ga cewa asali kyaftin da laftana ba a tsakiya suke ba, suna ɗan dama ne, suna tafiya zuwa wani fili da ke gabansu ta hagu, filin da wuƙar 1715 ta cinye. Sunayen nan 18 na jikin garkuwa kuwa, wani masanin tarihin Amstadam mai suna Dudok van Heel ya bi takardun gado da na kasuwanci ya danganta kowane suna da fuskarsa, ya buga sakamakon a 2009. Mai ganga, wanda ɗan haya ne ba ɗan karo-karo ba, fuskarsa tana nan a gefen dama, amma ba a rubuta sunansa a garkuwar ba.